Matsalar canji a Yamai: wanda ya buga kuɗi shi ke da alhakin rarraba su

Jama'a masu sauraro, "babu canji" ta zama kamar gaisuwa a birnin Yamai. Daga Katako zuwa Wadata, daga mai taksi zuwa farmasi, in ka miƙa jika guda kana jiran dala ashirin ko dala goma, sai a haɗa ka da alewa ko ashana, ko a ce ka dawo gobe. Mu dai muna ganin laifin ya wuce kan mai tebur.

Abin ba yau ya fara ba. Kakanninmu da wuri suke ciniki, har Nasara suka zo suka tilasta biyan haraji da kuɗin Faransa, amma ba su kawo ƙananan kuɗin da za su wadaci kasuwa ba. Lokacin yaƙin duniya na farko ƙarancin ya tsananta, har a 1917 gwamnatin mulkin mallaka ta Afirka ta Yamma ta fitar da ƙananan takardu na tamma ɗaya da tamma biyu don su maye gurbin ƙarfe. A 1944 aka sake yin haka. Kun ga ke nan, ko mai mulkin mallaka ya san samar da canji aikin hukuma ne.

Yau bankin BCEAO, mai hedikwata a Dakar, shi kaɗai ke da ikon fitar da sefa, kuma yana da rassa a Yamai, Maraɗi da Zinder. Ya kawo ƙarfen dala arba'in da na dala ɗari a 2003, ya dawo da takardar dala ɗari a 2012. To amma kuɗin ta bankuna suke fitowa, alhali mai ƙosai da mai ruwan sanyi ba su da asusu a banki. Shi ya sa canji ya zama haja, ana sayar da shi da riba, ƙarfen dala hamsin kuwa wasu ma ƙin karɓarsa suke.

Wa ke asara? Talaka. Dala biyar da aka riƙe maka yau, gobe ma haka, a wata ta zama kuɗin cefane. Mai sana'a kuma ciniki na wuce shi, ga faɗa da abokan hulɗa. Biya ta wayar salula ya taimaka, amma bai kai ga tsohuwa mai sayar da kuka ba.

Kiranmu ga ma'aikatar kuɗi da BCEAO: a buɗe wuraren canji kyauta cikin manyan kasuwanni, a sa gidan waya da baitulmali cikin aikin, a riƙa karɓar ƙarfen da ya goge ana musanya shi. Mu ma mu fasa asusun da muke tara ƙarfe a gida.

Ku faɗa mana, yaya lamarin yake a unguwarku?