Tsatsar Jiki da Zogalen Kakuri

Ya ku 'yan'uwa, ku sani iskar da ke sa ƙarfe tsatsa ita muke shaƙa, kuma tana barin ɓurɓushi mai cin ƙwayoyin halittar jiki. Ku yanka gauta, ku ga ya yi baƙi. A matsa masa lemun tsami, sai baƙin ya jinkirta. Haka sinadaran zogale da zoɓo da gwaiba ke karɓar ɓarnar nan a madadinmu.

Amma ga mutanen Barnawa suna wuce masu tallan ganye a Kakuri, suna neman ƙwayoyin kanti masu tsada. Alhali a 1994 likitocin Finlan sun bayyana cewa mashaya tabar da aka ba ƙwayar sinadarin karas, ciwon dajin huhu ƙaruwa ya yi gare su. Ni dai zogalen nake saye, na kuma hana a daɗe ana tafasa shi, domin wuta na kashe bitamin C.