Hatsarin Mota: Ɗora Wa Direba Laifi Bai Isa Ba

Ranar 18 ga watan Yuli na shekarar 1921 ba ta cikin tarihin tseren motoci na zamani, amma ranar 18 ga watan Yuli na shekarar 2021 ta shiga, domin a ranar ce motocin Lewis Hamilton da Max Verstappen suka yi gogayya a wata kwana ta filin tsere na Silverstone a Ingila. Motar Verstappen ta ƙwace ta daki shinge, aka kai shi asibiti don a duba lafiyarsa. Alƙalan gasa suka ce mafi yawan laifin na Hamilton ne, suka ci shi tarar daƙiƙa 10, amma duk da haka shi ya ci tseren. Har yau masu sha'awar gasar Formula 1 ba su daina gardama a kan wannan lamari ba. Waɗansu na cewa Hamilton ya kutsa inda babu hanya, waɗansu kuwa na cewa Verstappen ne ya ƙi ba da wuri.

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Tashar Yari, ko a tashar mota ta Ikara ko ta Hunƙuyi, washegarin wani mummunan hatsari, ya san irin wannan gardama. Wani zai ce direban gudu ya yi, wani ya ce barci ne ya sace shi, wani kuma ya ce ai ba shi ne direban motar ba, yaronsa ne ya karɓe shi. Kafin shayi ya huce an gama shari'a, an yanke hukunci. Bambancin da ke akwai shi ne, a filin tsere ba a tsayawa ga gardamar 'yan kallo. Akwai waɗanda aikinsu ne su bi diddigin abin da ya faru, su kuma sake tsari don kada a maimaita. Mu kuwa a nan muke tsayawa: a tsine wa direba, a yi jana'iza, a ba wani makulli.

Masu tseren motoci ma ba da daɗi suka koyi wannan darasi ba. Ranar 11 ga watan Yuni na 1955, a gasar sa'a 24 ta Le Mans a Faransa, Mike Hawthorn ya taka birki zai shiga wurin shan mai, Lance Macklin da ke bayansa ya kauce, sai motar Pierre Levegh ta hau ta Macklin, ta yi sama, ta tarwatse cikin 'yan kallo. Levegh ya mutu, tare da mutane fiye da 80. An shafe shekaru ana jifan juna da laifi tsakanin magoya bayan waɗannan direbobi uku. Amma binciken hukuma bai kama ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya nuna shi ne, an gina filin ne tun shekara talatin da suka wuce domin motocin da ba su kai rabin gudun na lokacin ba, kuma babu wani shingen kirki tsakanin motoci da jama'a. Aka rushe wurin zaman 'yan kallo aka sake gini.

Haka kuma a Imola ta ƙasar Italiya, a 1994, Roland Ratzenberger ya mutu ranar 30 ga Afrilu, washegari kuma Ayrton Senna, ɗan ƙasar Birazil wanda ya riƙe kambun duniya sau uku, ya daki bango ya mutu. Makonni huɗu bayan haka kamfanin Williams ya ɗora David Coulthard a kujerar Senna, tsere ya ci gaba. Da a nan aka tsaya, da an yi irin tamu. Amma kotunan Italiya sun shafe shekaru suna bincike a kan sandar sitiyarin motar, ita kuma Hukumar Wasannin Motoci ta Duniya, watau FIA, ta sake fasalin kwanonin da ke da hatsari, ta ɗaga gefen mazaunin direba don kare kansa, ta tsananta gwajin ƙarfin jikin mota. Sakamakon haka aka yi shekara 20 babu direban da ya sake samun hatsarin ajali a tseren Formula 1.

Wanda ya zo bayan nan shi ne ya fi kama da namu. Ranar 5 ga Oktoba 2014, a Suzuka ta ƙasar Japan, ana ruwan sama, motar Jules Bianchi ta zame ta faɗa wa wata babbar motar da ke janye wata da ta riga ta yi hatsari. Ya rasu a watan Yuli na 2015. Kwamitin bincike ya faɗi gaskiya cewa Bianchi bai rage gudu yadda ya kamata ba bayan an ɗaga masa tutar gargaɗi. Watau direba ya yi kuskure. Amma kwamitin ya ƙara da wata tambaya: me ya sa aka bar wa direba shi kaɗai zaɓin rage gudu a irin wannan hali? Daga 2015 aka fito da tsarin da ke tilasta wa dukan motoci rage gudu lokaci guda, a 2018 kuma aka wajabta wani ƙarfe mai lanƙwasa a saman kan direba, wanda ake kira Halo. Ranar 29 ga Nuwamba 2020 motar Romain Grosjean ta daki shinge a Baharen, ta rabe gida biyu, ta kama da wuta, amma ya fito da ƙafarsa, ƙuna kawai ya samu a hannuwa.

HANYOYINMU

To, mu dawo gida. Babbar hanyar Zariya zuwa Kano ta ratsa ƙasar Maƙarfi ta Tashar Yari kafin ta shiga jihar Kano ta Kwanar Dangora, wata kuma ta tashi daga Zariya ta bi ta Hunƙuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, ta nufi jihar Katsina. Waɗannan ƙananan hukumomi uku, Ikara da Maƙarfi da Kudan, ƙasar noma ce: rake, tumatir, barkono, masara, dankali. Dukan wannan amfani a mota yake fita, haka ma'aikacin da aka tura aiki ƙauye, da ɗalibin da ke komawa makaranta a Zariya ko Kaduna, da mai jinyar da za a kai Shika. Saboda haka maganar direba magana ce da ta shafi kowane gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanyoyin duniya kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka gwada da yawan jama'arta. A Nijeriya, alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, sun nuna fiye da mutum 5,000 ne suka mutu a 2023, haka ma a 2024, kuma waɗannan su ne kawai waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma.

Ba muna wanke direbobi ba ne. Gudun wuce sa'a shi ne kan gaba cikin dalilan da hukuma ke bayarwa. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a sa'a guda tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, watau kafin direba ya ɗauke ƙafa daga totur ya kai ta birki, ya riga ya wuce tsawon gida guda. Idan kuma gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo ninkawa yake yi sau huɗu. Dokar hanya ta ƙayyade wa bas da tasi kilomita 90 a babbar hanya, tirela da tanka kuwa 60. Tun da aka sake gina sashen Zariya zuwa Kano kwalta ta yi sumul, mutum nawa ke kiyaye wannan? Ga masu sha ƙwaya don kore barci, ga masu ɗora mutane a kan lodin rake ko buhunan hatsi.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya yanka wa direba balas ɗin da ba zai iya haɗawa ba sai ya yi sawu uku a rana maimakon biyu? Wa ya sayo tsohuwar taya da ta gama aiki a wata ƙasa ya ɗaura wa motar haya? Wa ya karɓi kuɗin lodi a tasha yana kallon an cusa mutum biyu a kujerar mutum ɗaya? Wa ya bar gingimari da ta lalace a kan kwalta cikin dare, ba fitila, sai 'yan ganyaye da aka watsa a bayanta? Wannan ita ce motar da Bianchi ya faɗa wa, mu kullum muna da irinta a hanya. Sa'an nan ga mu fasinjoji, waɗanda in direba ya bi a hankali sai mu ce masa ba ya sauri. Dukan waɗannan suna da hannu, amma direba kaɗai ake gani a bayan sitiyari. Shi ya sa in ya tsira da rai yakan shiga daji da gudu don tsoron hukuncin jama'a, ya tafi da bayanin da zai taimaki bincike.

MAI KARƁAR SITIYARI

Batu na biyu da masu kallon tsere ke yawan muhawara a kai shi ne wanda zai maye gurbin direba. A watan Maris na 2024, Carlos Sainz na kamfanin Ferrari ya kwanta rashin lafiya a Saudiyya, aka kira wani yaro ɗan shekara 18, Oliver Bearman, ya shiga motar, ya kuwa zo na bakwai. Mai kallo zai ce sa'a ce. Amma ba a ba kowa irin wannan mota sai yana da lasin na musamman, wanda ba a samunsa sai mutum ya tara maki 40 cikin shekara uku a ƙananan gasanni. An tanadi Bearman tun kafin ranar, an san shi, an horar da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A wurinmu mai maye gurbi shi ne yaron mota. Babu mai musun cewa wannan hanya ta koyo ta fitar da ƙwararrun direbobi, waɗanda suka yi shekaru suna wankin mota da canjin taya a ƙarƙashin maigida kafin a bar su su taɓa sitiyari. Matsalar ita ce lokacin da ake ba shi. Ba a miƙa wa yaro mota da hantsi a hanyar da ba cunkoso, maigida na zaune kusa da shi. Sai tsakar dare, lokacin da maigida ya gaji ya koma baya ya kwanta, shi ma yaron tun asuba yake lodi. An ba wanda ya fi ƙarancin sani aiki a sa'ar da ta fi kowace hatsari. Haka nan in direba ya yi karo aka sallame shi, sau da yawa mai mota ba ya tambayar sabon komai illa ko zai kawo balas.

Shi kansa Levegh da muka ambata, a 1952 ya tuƙa kusan sa'a 23 shi kaɗai a Le Mans, ya ƙi ba abokin tuƙinsa, yana kan gaba injinsa ya lalace a sa'ar ƙarshe. Daga baya aka hana irin wannan. A dokar yanzu direbobi uku ke karɓa-karɓa a mota ɗaya, kuma ba wanda zai wuce sa'a 4 cikin kowace sa'a 6. In gwanayen duniya masu likita a gefe ba a yarda su wuce haka ba, ina ga direban da ya ɗauko tumatir daga Ikara zai kai Legas? Ba mu manta da ranar 31 ga Mayu 2025 ba, lokacin da bas ɗin da ta ɗauko 'yan wasan jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa daga gadar Dakatsalle, a kan wannan hanya ta Zariya zuwa Kano, mutum fiye da 20 suka rasu ana gab da isa gida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ambaci gajiya da gudu bayan doguwar tafiyar dare.

ABIN YI

Na farko, duk hatsarin da aka rasa rai a cikinsa ya kamata a yi masa bincike irin wanda ake yi wa jirgin sama, a duba taya da birki da lodi da yanayin hanya da sa'o'in da direba ya yi a farke, a rubuta sunan mai motar da tashar da ta yi lodi, a kuma bayyana wa jama'a sakamako. Na biyu, ƙungiyar direbobi ta NURTW a rassan Ikara da Maƙarfi da Kudan ta buɗe rajistar direbobi na biyu masu lasin, kada motar da za ta yi doguwar tafiya ta bar tasha sai da ɗaya daga cikinsu. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya tana nan Zariya tun 1986, ƙananan hukumomin nan uku za su iya haɗa kuɗi su riƙa tura yaran mota horo kashi-kashi. Na uku, na'urar ƙayyade gudu da aka fara tilasta wa motocin haya a watan Fabrairu na 2017, jami'an tarayya da na KASTLEA su riƙa duba ta a tasha kafin mota ta tashi. Na huɗu, a tanadi motar janye lalatattun motoci a Tashar Yari, a kuma matsar da masu talla da masu lodi daga bakin kwalta. Samarin da ke wasan mota da babur a wajen bukukuwa kuwa, iyaye da masu unguwanni su tuna musu cewa waɗanda suke kwaikwayo a rufaffen fili suke yi, da hular kwano da motar asibiti a tsaye.

Ƙasar Suwidin ta kafa manufa a 1997 bisa tushe guda: ɗan Adam ba ya rabuwa da kuskure, don haka tilas a tsara hanya da mota yadda kuskure ɗaya ba zai zama ajali ba. Mun yi imani da ƙaddara, amma addininmu bai hana ɗaure raƙumi ba. Muddin hukuncinmu bai wuce kan direba ba, to, wanda ya karɓi makullin zai hau taya ɗaya, ya bi hanya ɗaya, da balas ɗaya a wuyansa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.