RA'AYINMU: Shanu Su Tafi Cin Rani, Yaro Ya Zauna Aji

A kowace shekara idan aka raba sakamakon jarrabawar ƙarshe a makarantun firamare na yankin Malanbil, kuka iri ɗaya muke ji daga rugagen Gene, Garu, Madekali da Tumbutu, wato an ce yaro zai maimaita aji. Daga nan sai uba ya yanke hukunci cewa ɗansa ba shi da kan boko, ya miƙa masa sandar kiwo. Mu a wannan ƙungiya ba mu yarda da wannan hukunci ba. Yaron da ya san shanu hamsin, kowace da sunanta da na uwarta, ba a ce haruffa 26 sun gagare shi. Abin da ke kayar da shi shi ne rashin zama aji.

A Jamhuriyar Benin ana buɗe makaranta a watan Satumba, a rufe wajen ƙarshen Yuni. A tsakiyar wannan lokaci ne rani ke tsananta, ciyawa ta ƙare, makiyaya su tashi neman ruwa da makiyaya mai kyau, ba su komo ba sai ruwa ya sauka. Yaron da ya bi garke ya rasa wata huɗu ko biyar, ya kuma dawo daidai lokacin jarrabawa. Bugu da ƙari, da Faransanci ake koyarwa tun ranar farko, alhali shi Fulatanci ya tashi da shi, sai Dendi ko Hausa da ya tsinta a kasuwa. Azuzuwa shida ne, daga CI zuwa CM2, kuma a biyun farko, CI da CP, ake kafa tushen karatu da lissafi. Wanda ya rasa su zai yi ta ɗingishi har ya gaji ya bari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu makiyaya da abu uku. Na farko, idan za a tashi, a bar ɗan makaranta a hannun kaka, ko goggo, ko amintaccen mai masauki kusa da makarantar, a bar masa hatsi da saniyar tatsa. Na biyu, uba ko uwa su riƙa zuwa wurin malami ko da sau ɗaya a wata, su tambayi inda yaro ke da rauni. Ba sai ka iya karatu ba za ka ga ko littafinsa ya cika da rubutu. A sama masa fitila, a sa yayansa da ke gaba ya riƙa bita da shi bayan magariba. Na uku, a nemi takardar haihuwa tun da wuri, domin ba a shiga jarrabawar CEP sai da ita. Wannan kira ya haɗa da 'ya'ya mata.

Ita ma hukuma da sauran aiki a gabanta. Mun yaba da soke kuɗin makarantar firamare a 2006, da shirin ciyar da yara a makaranta da aka soma a 2017. To amma gwamnatin da ke son makiyaya su zauna wuri guda, wajibi ne ta kai makaranta da rijiya kusa da ruga. Muna roƙon a turo malaman da ke jin Fulatanci zuwa ƙananan azuzuwa, a kuma shirya darussan cike gibi ga yaran da suka dawo daga cin rani. Wannan ba baƙon abu ba ne, don tun 1989 Nijeriya ta kafa hukuma ta musamman domin ilmin 'ya'yan makiyaya.

Arɗo da garso su sa baki, su shiga ƙungiyoyin iyayen yara, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yau duk maganar burtali, da mashaya, da ɓarnar gona, a takarda ake yin ta, da Faransanci, a gaban hukuma. Muddin ba mu da 'ya'yanmu da za su karanta mana abin da muke dangwala wa yatsa, to wasu ne za su ci gaba da yanke mana hukunci. Likitan dabbobi da lauyan da muke nema, daga ajin CI suke farawa.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya albarkaci dukiyarmu, amin.