Likita Ya Rubuta, Sito Ya Ce Babu

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin gwamnati ya san wannan magana: "Ba mu da shi, a sayo a waje." Sai mu hau zagin likita da nas, alhali matsalar daga sito ta faro, watanni kafin mara lafiya ya iso.

Ɗauki allurar oksitosin da ake yi wa mace don tsayar da jini bayan haihuwa. A sanyi ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ta wuni a bayan mota cikin zafin Afrilu, ko firji ya yi kwanaki babu wuta, kwalba tana nan amma ƙarfin maganin ya ragu. Ga kuma maganin saran maciji da ake shigowa da shi daga waje. Asibitin Kaltungo ya fi cika da damina da kaka, lokacin da manoma ke gamuwa da kububuwa. Wanda ya jira gadaje su cika sannan ya yi oda, ai ya makara.

Wani haɗarin shi ne dogara da dila ɗaya. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da rufe harkarsa a Najeriya, ga naira tana faɗuwa. Farashin Ventolin, abin shaƙar masu asma, ya yi tashin gwauron zabi.

To, ina ruwanmu? Mu ne fa masu karanta saye da adana kaya, akanta da lantarki. Katin sito da ake cikewa kullum, fara fitar da maganin da wa'adinsa ya kusa, sake oda kafin kaya su ƙare, dila biyu maimakon ɗaya, sola a kan firji: duk darussan ajinmu ne. Mu daina raina su, don a asibiti kuskuren lissafi rai yake ci.

Mu fara daga gida. Muna biyan kuɗin asibiti a rajista, don haka ƙungiyar ɗalibai ta nemi a riƙa liƙa jerin muhimman magungunan da ke asibitin makaranta a farkon kowane zango, da ranar da za a kawo waɗanda suka ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya.