Bashin da ke kan laburaren Amurka

Ranar 27 ga Maris 1961, ɗalibai tara baƙaƙen fata daga kwalejin Tougaloo suka shiga babban laburaren birnin Jackson na jihar Mississippi, suka ɗauki littattafai suka zauna. 'Yan sanda suka yi awon gaba da su, laifinsu kawai karatu a wurin da aka keɓe wa fararen fata. Tun a 1939 an kama matasa biyar a Alexandria ta jihar Virginia kan irin wannan. Don haka masu muhawara a yau kan ko ya dace laburaren gwamnati ya riƙa shirya zaman karatu kan bauta da wariyar launin fata, su tuna cewa laburaren ma da hannunsa dumu-dumu a cikin labarin. Gidan da ya kori mutane saboda fatarsu, bashi ne a kansa ya bari a karanta yadda aka yi.

Kuma buƙatar a fili take. A 1921 gungun fararen fata suka ƙona unguwar Greenwood a birnin Tulsa, inda baƙaƙen fata suka tara dukiya da sana'o'i, aka kashe mutane da dama. Shekaru masu yawa makarantun jihar Oklahoma ba su koyar da wannan labari ba; sai a 2001 kwamitin binciken da jihar ta kafa ya fitar da rahotonsa. To, magidancin da ya gama makaranta bai taɓa jin wannan ba, ina zai same shi kyauta in ba a laburare ba?

Masu adawa suna cewa irin wannan karatu yana raba kan jama'a, kuma iyaye ke da ikon zaɓa wa 'ya'yansu abin karantawa. Batun iyaye gaskiya ne, ba na jayayya da shi, amma ikon uba a kan ɗansa ya tsaya. Da ya sa aka cire littafi daga kanta, ya yanke wa ɗan maƙwabcinsa hukunci. Ƙungiyar laburarorin Amurka ta ƙirga littattafai 4,240 da aka nemi a cire ko a taƙaita a 2023, kuma littafin Toni Morrison, The Bluest Eye, na cikin waɗanda aka fi kai wa hari. Alhali laburare ba aji ba ne: babu jarrabawa, babu tilas, wanda bai so ba ya wuce. Batun rabuwar kai kuwa, wariyar ce ta raba su tun farko, kuma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Abin da ya wajaba a kan ma'aikatan laburare shi ne su ajiye littattafan masana tarihi masu saɓanin fahimta a kanta ɗaya, mai karatu ya auna.

Laburaren Brooklyn ya nuna hanya: tun 2022 yake bai wa matasa 'yan shekara 13 zuwa 21 daga ko'ina a Amurka katin aron littattafai ta intanet kyauta.