Dokin Adar da hanyar da muka daina bi

Da sanyin bara, bayan an gama girbi, wani dattijo a wani ƙauye arewa da Galmi ya ɗaura mini sirdi a kan goɗiyarsa, shi kuma ya hau akawalinsa, muka kama hanyar tudu tun rana ba ta fito ba. Ragama kawai ya sa mata, babu linzami. Da na yi magana sai ya ce, "Ɗana, ba hawan Sallah za mu ba. A kan dutse ta fi ka sanin inda za ta sa ƙafa. Sakar mata kai." Na sakar. Ta riƙa sunkuyawa tana duba tsakuwa, ta ɗan tsaya, ta zaɓi wuri, sannan ta taka. Da muka kai bisa sai ƙasa ta baje kamar faifai, jar marmara iya ganinka. Muka yi ta tafiya a haka har hantsi, sai kwatsam tudun ya yanke, ga kwarin Maggiya a ƙarƙashinmu, kore shar da albasa, ƙarar injinan ban-ruwa na hawowa can ƙasa-ƙasa.

A wajen gangarowa ya sauka ya tsinto mini wani farin dutse da bai kai tafin hannu ba. Siffar ƙwanson katantanwa ce sak, har da layukanta. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce tun suna yara suke wasa da irinsu. Masana ƙasa sun tabbatar teku ne ya taɓa kwanciya a nan shekaru miliyoyi da suka wuce, kuma abin da ya bari shi ne farin dutsen da masana'antar Malbaza ke ƙonawa ta yi siminti. Ɗalibanmu suna haddace wannan a aji. Nawa ne a cikinsu suka taɓa riƙe dutsen a hannu?

Tun daga ranar abin yake raina. Muna da tuddai da kwaruruwa, daga Maggiya har Badagishiri, muna da dawakai, muna da mutanen da suka san kowace ƙorama da kowane mashigi. Amma doki a wurinmu ya koma kayan ado. A fito da shi ranar Sallah ko bikin naɗin sarauta, a lulluɓe shi da jalala, a yi sukuwa, a mayar da shi turke. Aikin tafiya babur ya karɓe. Ga harawa da dusa da gero sai tsada suke ƙarawa, doki kuwa ba ya jin yau babu. Shi ya sa idan dattijo mai barga ya rasu, sau da yawa abin da magada ke fara kaiwa kasuwa dokin ne. Ban ga laifinsu ba. Dabbar da take ci kullum ba ta kawo ko dala, riƙe ta sai mai hali.

A Lesoto, ƙaramar ƙasar nan ta duwatsu da Afirka ta Kudu ta kewaye, doki yana ciyar da kansa har ya ciyar da mai shi. A Malealea da Semonkong baƙi na hayar doki da ɗan jagora, su yi yini ɗaya ko kwanaki suna ratsa kwaruruwa, su je su ga ruwan Maletsunyane da ke zubowa daga tsayin mita 192, su kwana a ɗakunan ƙauye. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne dawakan na mutanen ƙauyukan ne. Mai doki ya samu, ɗan jagora ya samu, wanda ya ba da ɗakin kwana shi ma ya samu. Makiyayan Kirgizistan ma haka suke yi a hanyar tabkin Son-Kul. Duwatsunsu sun fi namu tsawo nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne, amma ba tsawon dutse ke sa tafiya daɗi ba.

Na san abin da mai karatu zai ce: ina baƙin? Tambaya ce mai nauyi. A watan Oktoban 2020 aka sace wani Ba'amurke a Masalata, nan bakin Ƙonni, sai da sojojin ƙasarsa suka ƙwato shi a arewacin Najeriya bayan 'yan kwanaki. 'Yan bindiga na kai-komo a dazukan kan iyaka, kuma akwai wuraren da ko mu 'yan gida ba ma kwana. Duk wanda ya ce a shirya wannan sana'a don Turawa a yanzu, bai san halin da ake ciki ba. Akwai kuma hanyoyin da bai kamata a bi da kowa ba sai an samu lafiya, kuma masu gari da jami'an tsaro su ne za su faɗi waɗanne ne.

To amma wa ya ce sai Bature ke yawon buɗe ido? Ga 'yan makarantun Ƙonni da Malbaza da Illela. Ga ma'aikatan da ke zuwa hutu daga Yamai da Tawa, ga 'yan cirani da ke dawowa da 'ya'yan da ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Sakkwato ba ta kai kilomita ɗari daga Ƙonni ba, kuma cike take da samari masu kashe kuɗi a kan kilisa kowane ƙarshen mako, suna zagaya kwalta ɗaya. A ce musu ga hanyar yini guda zuwa Maratta, kusa da Galmi, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, a ga ko ba za su zo ba. A tuna musu cewa a ƙasar Ƙonni kakan kakanninsa Musa Jakollo ya sauka da ya taso daga Futa Toro. Ɗan jagora nagari zai ba su labarin watan Mayun 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa. Idan hanya ta yi arewa zuwa Illela, ga gidan Sarkin Adar, zuriyar Agabba ɗan Sarkin Agadas wanda ya karɓe Adar daga hannun Kabi a ƙarni na 17. Mafi yawan wannan tarihi a bayan doki aka yi shi, kuma wanda ya bi hanyar da taki irin na doki ya fi gane nisan da magabata suka ci.

Ina da sharuɗɗa, domin na ga yadda abu mai kyau ke lalacewa idan kuɗi ya shigo. Kada wani attajiri ya sayi dawakai ashirin ya mayar da masu dawakan asali yaran barga. Masu dawakai su haɗa ƙungiya, a yi layi, yau naka gobe nawa. Dokin da ke da gyambo a baya ko yake ɗingishi ba za a ɗaura masa sirdi ba, ko nawa baƙo zai biya, kuma likitan dabbobi ya riƙa dubawa. A tsaya ga watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, don zafin bazara a kan marmara azaba ne ga dabba, da damina kuma ƙoramu na kawo ruwa ba sallama. A bi burtali, kada kofato ya taka fangalin albasar kowa, domin rigimar manomi da mai dabba ta ishe mu haka. Sarakunan Ƙonni da Illela da magadan gari suna da ikon tara mutane a kan wannan, kuma farawar ba ta buƙatar tallafin kowace ƙasa. Dawakai biyar da hanya ɗaya da aka amince da ita sun isa.

Da za mu rabu na miƙa wa dattijon abin da ya sauƙaƙa, ya ƙi karɓa, ya ce ni baƙonsa ne. Sai da na ce na harawar goɗiya ne sannan ya sa hannu. Yana kwance mata sirdi yana shafa bayanta yana dubawa, ya ce mini babban ɗansa ya daɗe yana matsa masa a sayar da ita a ƙara kuɗi a sayi babur na haya, shi kuma ya ce a bari sai bayan kaka mai zuwa.