Riwayar Da Ba Ta Da Isnadi: Nasiha Ga Masu Buga Bincike Da Ƙirƙirarriyar Basira

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, tun da ChatGPT ya bayyana a watan Nuwamban 2022, wata ɓarna ta kunno kai a mujallun ilimi, kuma wajibi ne a kira ta da sunanta. Mutum ya umarci na'ura ta rubuta masa maƙala, ta jero masa manazarta, shi kuwa ya ɗora sunansa a kai ba tare da ya buɗe ko ɗaya daga cikin littattafan ba. Wannan shaidar zur ce, ko da an yi ta da Turanci mai kyau.

Dalili kuwa shi ne, ita wannan na'ura hasashen kalmar da za ta biyo bayan wata take yi, bisa tarin rubutun da aka horar da ita da shi. Saboda haka tana iya ƙago sunan marubuci da shekara da shafi, su fito tsaf, alhali babu su a doron ƙasa. A Fabrairun 2024 mujallar Frontiers in Cell and Developmental Biology ta buga maƙala ɗauke da zanen ɓera mai siffar da ba a taɓa gani ba, wanda Midjourney ya zana, da wasu kalmomi marasa ma'ana a gefensa. Cikin kwana uku aka janye ta. A shekarar dai, mujallar Surfaces and Interfaces ta kamfanin Elsevier ta fitar da maƙalar da gabatarwarta ta fara da jimlar da na'ura ke cewa ga gabatarwar da ka nema. Marubuta ba su karanta ba, masu tacewa ba su lura ba. Subhanallah!

Magabatanmu sun san wannan cuta tun da daɗewa. Malaman hadisi suna kiran ƙaga riwaya "wad'i", suna kiran ɓoye wanda ka ji daga gare shi "tadlisi". Shu'uba ɗan Hajjaju ya shahara da tsananta wa masu tadlisi, Ibnul Jauzi kuwa littafi guda ya wallafa, Al-Maudu'at, don tona asirin ƙagaggun hadisai. Manazartar maƙala ita ce isnadinta. Duk wanda ya rubuta cewa wane ya faɗi kaza a shafi kaza, ya ba da shaida ne cewa idonsa ya gani. Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta hana mu bin abin da ba mu da iliminsa, ta kuma tunatar da mu cewa za a tambayi ji da gani da zuciya.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. Mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun zama abin nazari. Tun kafin a sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, su sama da 300, ake rubutu kan 'yan bindiga da gudun hijira da gonakin da aka bari. Zuwa ƙauyukan da abin ya shafa ya sha zama kasada, ga shi na'ura za ta iya cike takardun tambayoyi ɗari cikin minti kaɗan, ta sa magana a bakin matar da aka kashe wa miji. Wanda ya aikata haka ya zalunci bazawarar nan sau biyu: bai saurare ta ba, kuma ya yi mata ƙarya. Sa'annan hukuma ko ƙungiyar agaji ta ɗauki alƙaluman ta tsara rabon tallafi da su, wani ɗalibi ya kwafa, ƙarya ta zama hujja.

Na san uzurin da ake kawowa. An ce ƙarin girma a jami'a ya dogara da yawan maƙalu, an ce Turanci ba harshenmu ba ne. Gaskiya ne. To amma ba wanda ya haramta wa malami ya nemi na'ura ta gyara masa nahawu ko ta taimaka masa da fassara. Hukumar COPE mai lura da ɗa'ar wallafa ta fayyace a 2023 cewa na'ura ba ta zama marubuciya, domin ba ta ɗaukar alhaki, kuma dole marubuci ya bayyana yadda ya yi amfani da ita. Idan hanya ta gagara, a rubuta cewa a garin Funtua aka tattauna da 'yan gudun hijira. Mutum goma na gaskiya sun fi ɗari uku na ƙage.

Ku kuma editoci da masu tace maƙalu, ku ji tsoron Allah. Karɓar kuɗin bugawa ba tare da duba manazarta ba cin amana ne. Haka nan miƙa wa na'ura maƙalar da aka ba ka a asirce ta yi maka hukunci, kai ka sa hannu.

Ya ɗan'uwa malami, kafin ka aika maƙalarka, ka buɗe kowane littafin da ka ambata, ka ga shafin da idonka. Abin da ba ka samu ba, ka goge shi. Allah Ya tsarkake mana abincinmu, Ya ba yankinmu zaman lafiya. Wallahu a'alam.